Kujera Ta Goma Sha Bakwai

Ni ne mai aske ciyawar filin nan.
Shekara ashirin da ɗaya ina jan farin layi
daga wannan kusurwa zuwa waccan,
ban taɓa jin sautin takalmina a ciki ba sai yau.

An auna zafin goshinmu a ƙofa ta uku.
Liebscher mai gadi, takunkumi har ƙasan ido,
ta ce, "Wendelin, wuce."
A bayanta kujeru dubu saba'in
sun yi jugum kamar masu jiran likita.

Wasan ƙarshe ne, na kofi.
Bara warhaka jiragen ƙasa na amayo mutane cikin Berlin,
giya na malala a kan matakala,
wani ƙato na kuka a kafaɗar wanda bai sani ba.
Yau tantabaru biyu ne a ɓangaren magoya baya,
su ma sun bar tazara.

Da aka busa usur
sai na ji abin da hayaniya ta daɗe tana ɓoye mana.
Ashe ƙwallo tana da murya:
dum a ƙirji, tas a gefen ƙafa,
in ta daki turke filin duka ya amsa kamar rijiya.
Ashe mai tsaron gida ashar yake yi tun da can.
Ashe yaron da aka saya da miliyoyi
haki yake yi irin nawa.

Babana Ottokar yana gidan tsofaffi a Spandau.
Wata huɗu ban taɓa hannunsa ba.
Ta gilashin taga muke gaisawa,
tafina a waje, nasa a ciki, sanyi a tsakani.
Shi ya fara kawo ni nan a kan wuyansa,
layi na tara, kujera ta goma sha bakwai.
Hartmut da ke zama kusa da shi duk shekara
annoba ta ɗauke shi a watan Afrilu.
Mutum biyar suka raka shi. Sai da aka ƙirga.

Da hutun rabin lokaci muka fita
muna danne inda takalma suka yage ƙasa.
Da na gama ban koma wurina ba.
Na hau matakala, ba da izinin kowa ba,
na zauna a ta goma sha takwas, na bar masa tasa,
na kira shi.

Ya ce, "Talabijin na yi mana ƙarya,
tafin bara suka sa mana.
Ɗaga wayar in ji na gaskiya."

Na ɗaga.
Hannuna ya gaji, na sauya, ya sake gajiya.
Iska, usur, wani na kiran sunan wani,
numfashin tsoho a tafin hannuna.

Saura minti shida ƙwallo ta shiga.
Raga ta yi wani ɗan shuu,
kamar an ja labule.
"Mutum nawa suka yi ihu?"
"Ba su kai talatin ba, Baba."
Sai na ji ya ja numfashi, ya yi tari,
ya saki muryar nan da ta saba tsorata ni ina yaro.
Ta fito ta 'yar wayata, siririya, tana rawa,
ta gangara layi tara.
Wallahi wani ɗan baya ya waiwayo.

Sun ɗaga kofin, suka nuna wa kujeru.
Injin ya feso takardu masu ruwan zinariya
a kan ciyawata,
aikin da zai kai ni tsakar dare ina shara.
Na tsinci guda na sa a aljihu.
Gobe da ƙarfe goma zan liƙa ta a gilashin tagarsa,
ta waje.